3.3 Magance Kuskure a Tsarin Cika Oda Mai Sarrafa Kansa

A wannan sashe za a yi bayani a kan abin da ke faruwa idan aiki ya cije a tsakiyar hanya, wato tsakanin lokacin da mai saye ya danna maɓallin biya a shagon intanet da lokacin da kaya suka isa hannunsa. An ɗauki manhajar kula da oda ta kamfanin Salesforce a matsayin misali. Kamfanin na Amurka ne, an kafa shi a birnin San Faransisko a shekarar 1999, ya kuma shiga harkar shagunan intanet gadan-gadan bayan da ya sayi kamfanin Demandware a shekarar 2016 a kan kuɗi kimanin dala biliyan 2.8. Dalilin zaɓen wannan kamfani shi ne yana shirya jarrabawar shaidar ƙwarewa ga jami'an kula da tsari, kuma batun kuskure na daga cikin wuraren da ɗalibi kan haddace sunaye ba tare da ya fahimci abin da ke bayansu ba.

Abin da wannan nazari ke son tabbatarwa shi ne, odar da ta tsaya rabi da rabi ta fi odar da ta faɗi gaba ɗaya haɗari. Idan oda ta faɗi tun daga farko, mai saye zai ga saƙo, ya sake gwadawa ko ya tafi wani shagon, babu wanda ya yi asara. To amma idan an cire kuɗinsa ba a tura kaya ba, ko an tura kaya ba a cire kuɗi ba, kuma babu ma'aikacin da ya san haka ta faru, a nan ne ɓarna take. A shekarar 1999 kamfanin alewa na Hershey da ke Amurka ya koma sabon tsarin kwamfuta dab da lokacin bikin Halowin, wato lokacin da ya fi ciniki a shekara, sai ya kasa isar da odar da ta kai kimanin dala miliyan 100 ga dillalansa, alhali kuwa alewar na nan jibge a sito.

3.3.1 Matakan da Oda ke Bi

Kafin a yi maganar kuskure, ya kamata a san hanyar da oda ke bi idan komai ya tafi daidai. Shago yana karɓar oda, ya nemi bankin mai saye ya riƙe kuɗin kayan ba tare da an cire su ba tukuna. Daga nan odar ta shiga manhajar Salesforce, a buɗe mata rajista mai suna Order Summary, wadda ita ce ke ɗauke da halin da odar ke ciki a kowane lokaci. Sai a duba siton da ke da kayan, a rubuta masa umurnin ɗauri da turawa, wanda ake kira Fulfillment Order. Oda guda na iya haifar da umurni biyu ko uku idan kayan suna warwatse a sito daban-daban. Bayan sito ya tabbatar da ya tura kaya, sai a rubuta takardar neman biya, sa'annan wani aiki mai suna Ensure Funds Async ya je ya cire kuɗin da aka riƙe.

Abin da ke haɗa waɗannan matakai shi ne Flow, wato kayan aikin da jami'i ke zana tafiyar aiki da shi, akwati bayan akwati, ba tare da ya rubuta umurnin kwamfuta da hannu ba. A da akwai wasu kayan aiki biyu, Workflow Rules da Process Builder, amma kamfanin ya tsayar da ranar 31 ga Disamba 2025 a matsayin ranar daina tallafa musu. Saboda haka duk bayanin da zai biyo baya a kan Flow yake.

Abin lura a nan shi ne, aƙalla ɓangarori huɗu ne ke da hannu a oda guda: shago, manhajar kula da oda, kamfanin da ke shiga tsakanin shago da banki, da kuma sito. Kowannensu na da kwamfutarsa da rumbun bayanansa, kuma babu wanda ke da ikon goge abin da aka rubuta a littafin ɗan'uwansa.

3.3.2 Ƙunshin Aiki da Hanyar Ratse

A cikin rumbun bayanai guda, ayyuka kan tafi ne a ƙunshe. Ma'anar ƙunshin aiki ita ce, ko dai duk rubuce-rubucen da ke cikinsa su tabbata tare, ko kuma a warware su tare kamar ba a taɓa yin su ba. Idan Flow ya rubuta umurnin sito, ya rubuta jerin kayan da ke cikin umurnin, sai ya faɗi a wajen sauya matsayin odar, tsarin da kansa zai warware rubutun farko da na biyu. Mai aiki zai ga saƙon kuskure maras daɗin karantawa, a kuma aika wa jami'i wasiƙar imel. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan jami'i bai yi wani tanadi ba, kuma duk da muninsa yana da fa'ida guda: ba ya barin aiki rabi.

Tanadin da jami'i zai iya yi shi ne ya jawo wata hanya daga kowane akwati da ke taɓa rumbun bayanai ko ke kiran wata kwamfuta ta waje, ta yadda idan akwatin ya faɗi, aiki zai ratse ta can maimakon ya tsaya. Ita ce za a riƙa kira hanyar ratse a wannan nazari. A kan wannan hanya ana iya ɗauko ainihin saƙon kuskuren daga ma'ajin da ake kira $Flow.FaultMessage, a nuna wa ma'aikaci bayani cikin harshen da zai gane, ko a rubuta rahoto.

A nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa. Da zarar aiki ya bi hanyar ratse, tsarin yana ɗauka jami'i ya karɓi ragamar matsalar, saboda haka ba zai warware rubutun da aka riga aka yi ba. A misalin da aka kawo a sama, umurnin sito da jerin kayansa za su tabbata, alhali odar na nan a matsayinta na da, kamar ba a taɓa tura ta sito ba. Idan kuwa akwai wani aiki da ke zagayowa kowane sa'a yana neman odar da ba a tura ba, zai same ta, ya sake rubuta wani umurnin, sito kuma ya ɗaure kaya sau biyu. Ke nan hanyar ratsen da aka jawo ba tare da tunani ba ta mayar da ƙaramin kuskure mai ƙara ya zama babban kuskure maras sauti. Domin toshe wannan kafa ne kamfanin ya ƙaro akwatin Roll Back Records a shekarar 2021, wanda ake sa wa a hanyar ratse ta Flow mai allon hira da ma'aikaci don ya warware ƙunshin, sa'annan a shekarar 2023 ya ƙaro akwatin Custom Error ga Flow ɗin da sauyin rajista ke tayarwa, wanda ke hana sauyin tabbata tare da nuna saƙon da jami'i ya rubuta da kansa.

Har ila yau akwai wani tarko da ke tattare da warwarewa. Idan jami'i ya rubuta rahoton kuskure a rumbun bayanai, sa'annan ya warware ƙunshin, to rahoton ma ya tafi tare da sauran, domin a cikin ƙunshin yake. Mafita ita ce ko dai a warware tukuna kafin a rubuta rahoton, ko kuma a aika shi ta hanyar saƙon da ake kira Platform Event wanda aka saita ya fita nan take, domin irin wannan saƙo ba ya jiran ƙunshi ya tabbata, warwarewa kuma ba ta dawo da shi.

Akwai kuma kuskuren da hanyar ratse ba ta iya kamawa, wato ƙetare iyakar da kamfanin ya shata wa kowane ƙunshi. Da yake dubban kamfanoni ne ke amfani da injuna guda, an ƙayyade cewa ƙunshin da ake jiran amsarsa nan take kada ya wuce tambaya 100 ga rumbun bayanai, ko umurnin rubutu 150, ko rajista 10,000 da aka taɓa, ko daƙiƙa 10 na aikin ƙwaƙwalwar inji. Duk ƙunshin da ya ƙetare ɗaya daga cikinsu za a warware shi baki ɗaya ko da an jawo masa hanyar ratse. Yawanci abin da ke jawo haka shi ne sa akwatin tambaya ko na rubutu a cikin zagaye. A wajen gwaji da oda mai kaya 3 ba za a ga komai ba, sai ranar da dillali ya turo oda mai kaya 200.

3.3.3 Kuskuren da Ake Sake Gwadawa da Wanda Ba a Sakewa

Ba kowane kuskure ne maganinsa ɗaya ba. Akwai mai wucewa, kamar a tarar wani aiki ya kulle rajistar da ake son rubutu a kanta. Tsarin kan jira kimanin daƙiƙa 10, in ba a saki rajistar ba sai ya ba da saƙon UNABLE_TO_LOCK_ROW. Irin wannan idan aka dakata aka sake gwadawa yakan wuce, sai dai a sa iyaka ga yawan gwajin, a kuma riƙa tsawaita jira tsakanin gwaji da gwaji. Akwai kuma mai zama daram, kamar adireshin da babu lambar gida, ko katin da banki ya ƙi, ko kayan da suka ƙare. Wannan ko sau dubu aka maimaita amsar ɗaya ce, mutum yake buƙata.

Na uku shi ne ya fi wuya, kuma a kansa ya kamata mai nazari ya daɗe. A ɗauka mai saye ya yi odar takalmi da jaka na dala 120. Sito ya tura kaya, manhaja ta aika wa kamfanin biyan kuɗi buƙatar a cire dala 120, sai layi ya yanke kafin amsa ta dawo. Shin an cire ko ba a cire ba? Daga ɓangaren manhaja babu yadda za a sani, domin buƙatar na iya ɓacewa a hanyar zuwa, amsar kuma na iya ɓacewa a hanyar dawowa, kuma duka biyun kamarsu ɗaya a idon mai jira. Salesforce na da suna na musamman ga wannan hali a cikin jerin sakamakon biyan kuɗi, wato Indeterminate, ya kuma bambanta shi da Decline, inda banki ya ce a'a ƙarara. Jami'in da ya haɗa su a kwando guda ya ce duk a sake gwadawa, zai wayi gari an cire wa mai saye dala 240. Wanda kuma ya ce duk a soke, zai iya soke odar da an riga an karɓi kuɗinta.

Warwarewar da aka yi bayani a baya ba ta da amfani a nan, domin ikonta ya tsaya ne a bakin rumbun bayanan Salesforce. Ba ta iya shiga littafin banki, ba ta kuma iya tsayar da motar da ta riga ta bar sito. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga duk wanda na'urar cirar kuɗi ta taɓa zare masa kuɗi daga asusu ba ta miƙo ko sisi ba. Ita ce ta sa Babban Bankin Nijeriya ya fitar da umurni a shekarar 2020 cewa a mayar da irin waɗannan kuɗi cikin sa'a 48 idan na'urar ta wani banki ce daban, a kuma warware takaddamar biya ta POS ko ta intanet cikin sa'a 72. Mayarwar nan sabon aiki ne da ake yi don gyara na farko, ba gogewa ba ce.

Masana ilmin kwamfuta sun daɗe da tsara wannan tunani. A shekarar 1987 Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem na Jami'ar Princeton suka nuna cewa dogon aiki ana iya yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta tabbata ita kaɗai, amma a tanadar mata da aikin da zai rama ta idan gaba ta ƙi. A harkar oda, ramuwar riƙe kuɗi ita ce sakinsu, ramuwar cire kuɗi ita ce mayarwa, ramuwar keɓe kaya a sito ita ce mayar da su cikin na sayarwa. Tura kaya kuwa ramuwarsa tsada gare ta, domin sai an roƙi mai saye ya dawo da su. Daga nan ake gane hikimar jeranta matakai: abin da ya fi sauƙin ramawa shi ake fara yi, mai wuyar ramawa a bar shi ƙarshe.

Dabara ta biyu ita ce lambar shaidar buƙata. Kowace buƙatar cire kuɗi ana manna mata lambar da ba ta da irinta, idan kuma za a sake aikawa sai a aika da lambar nan dai. Kamfanin biyan kuɗi idan ya ga lambar da ya riga ya yi aiki da ita, sai ya maimaita amsar farko ba tare da ya sake cire komai ba. Kamfanin Stripe, alal misali, yana ajiye irin waɗannan lambobi na aƙalla sa'a 24. Inda babu wannan tanadi, ƙa'ida ita ce a tambayi kamfanin biyan kuɗi halin da buƙatar farko ke ciki kafin a aika ta biyu. Haka nan a cikin Flow, kafin a rubuta umurnin sito sai a duba ko akwai wanda aka riga aka rubuta wa waɗannan kayan. Daɗin daɗawa, lokaci ma na cikin lissafi, domin kuɗin da banki ya riƙe ba ya zama har abada, a galibin katuna riƙon kan faɗi bayan kimanin kwana 7. Odar da ta maƙale mako biyu ba wanda ya duba ta, ko an gyara matsalar farko za a tarar da ta biyu na jira.

3.3.4 Wanda Rahoto ke Isa Gare Shi

Idan Flow ya faɗi, wasiƙar imel kan tafi ne ga mutumin da ya yi masa gyara na ƙarshe, sai fa in an sauya saitin zuwa jerin mutanen da aka keɓe don karɓar rahoton kuskure. Mutumin nan na iya kasancewa ɗan kwangila ne da ya gama aikinsa ya tafi tun bara. Sauya wannan saiti aikin minti biyu ne, amma sau da yawa ba a tunawa da shi sai ɓarna ta auku, ihu bayan hari ke nan.

Ko da wasiƙar ta isa inda ya dace, imel ba wurin ajiye aiki ba ne. Misalin da ya fi fito da wannan fili ya faru ne a kasuwar hannun jari, inda odar ta saye da sayar da hannun jari ce ba ta kaya ba, amma darasin ɗaya ne. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin Knight Capital na Amurka ya fara aiki da sabuwar manhajar rarraba oda wadda aka ɗora a kan injuna 7 cikin 8, aka manta da guda. Binciken hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ya nuna cewa tun kafin a buɗe kasuwa tsarin ya aika wasiƙun imel 97 masu nuni da matsalar, ba wanda ya ɗauki mataki, domin ba a tsara su a matsayin ƙararrawa ba. Injin da aka manta ya riƙa aika oda ba tare da ƙirga abin da aka riga aka cika ba. Cikin kimanin minti 45, oda 212 suka haifar da ciniki fiye da miliyan 4, kamfanin ya yi asarar fiye da dala miliyan 460, a shekarar 2013 kuma hukumar ta ci shi tarar dala miliyan 12.

Saboda irin wannan ne manhajar kula da oda ta Salesforce ta tanadi rajista ta musamman mai suna Process Exception. Bambancinta da imel shi ne tana manne da odar da abin ya shafa, tana da rukuni, kamar na biya ko na sito ko na takardar neman biya, tana da ma'aunin tsanani, tana da mai ita, tana kuma da matsayi da ke sauyawa daga sabuwa zuwa wadda aka tantance har zuwa wadda aka warware. Ana iya tara su a layin jiran aiki, a haɗa su da ƙorafin mai saye, a kuma fitar da rahoton waɗanda suka kwana biyu ba a taɓa ba. A ganin wannan nazari, hanyar ratsen da ba ta ƙare da irin wannan rajista mai mai ita ba, ba ta cika aikinta ba, ko da kuwa ta nuna saƙo mai daɗi a allo. A Amurka ma doka ta shigo cikin lamarin, domin ƙa'idar hukumar kula da ciniki ta tarayya ta wajabta wa mai sayarwa ya tura kaya cikin lokacin da ya alkawarta, ko cikin kwana 30 in bai faɗi lokaci ba, in ya kasa kuma ya sanar da mai saye ya ba shi zaɓin sokewa. Shagon da bai san odarsa ta maƙale ba, ba zai iya sanar da kowa ba.

3.3.5 Kuskuren da Na'ura Ba Ta Gani

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu ya shafi inda wani akwati ya faɗi ne. Akwai kuma inda kowane akwati ya yi nasara amma sakamakon ɓarna ne. A yammacin ranar 12 ga Disamba 2014, wata manhajar daidaita farashi mai suna RepricerExpress ta mayar da farashin ɗimbin kayan 'yan kasuwa masu sayarwa a dandalin Amazon na Birtaniya zuwa kwabo ɗaya na kuɗin ƙasar har na kimanin sa'a guda. Oda suka yi ta shigowa, kuma waɗansu sun bar sito kafin a kai ga soke su. Babu hanyar ratsen da za ta kama wannan, domin a wajen na'ura kwabo ɗaya farashi ne halastacce. Maganinsa shi ne shinge tun a ƙofa: ƙa'idar da ke tsayar da odar da farashinta ya gaza kuɗin da aka sayo kayan, ko wadda yawanta ya fita daga al'ada, a ajiye ta gefe har mutum ya sa ido.

3.3.6 Yadda Batun ke Fitowa a Jarrabawa

Jarrabawar jami'in kula da tsari ta Salesforce, a yadda take a shekarar 2023, tana da tambaya 60 na zaɓi, ana amsa su cikin minti 105, makin ci kuwa kashi 65 cikin 100. Akwai kuma wata shaidar daban da ta keɓanta da manhajar kula da oda. Tambayoyin irin waɗannan jarrabawa kan zo ne da sigar labari: a bayyana wani hali da kamfani ya shiga, a jero amsoshi waɗanda fiye da ɗaya za su iya aiki, a nemi wadda ta fi dacewa. Haddar sunayen akwatuna ba ta raba gardama a irin wannan wuri. Abin da ke raba ta shi ne ɗalibi ya tambayi kansa, a daidai inda aikin ya faɗi, me ya riga ya tabbata a rumbun bayanai, me ya riga ya fita waje zuwa banki ko sito, kuma wa zai ji labari.

Hanyar da ta fi dacewa a koyi wannan ita ce a jawo kuskuren da gangan a filin gwaji, wato kwafin tsarin da ba ya taɓa odar gaske. Ɗalibi ya gina Flow mai rubutu uku, ya kafa ƙa'idar tantancewa da za ta hana na ukun shiga, ya gudanar da shi sau uku: ba hanyar ratse, da hanyar ratse kaɗai, sa'annan da hanyar ratse mai akwatin warwarewa. Bayan kowane gwaji ya buɗe rumbun bayanai ya ƙirga rajistar da ta rage. A gwaji na farko da na uku ba zai tarar da komai ba, a na biyu kuwa zai tarar da rajista 2 zaune ba su da ta uku.